Abin da Aka Yi wa Mai Wankan Gawa ta Unguwar Jaji

Da sunan Allah nake farawa. Kafin in shiga labari, ya kamata in ambaci mutanen da abin ya shafa, domin kada mai karatu ya ruɗe. Ta farko ita ce Hadijatu, wadda kowa a Unguwar Jaji, ƙauyenmu da ke kusa da Mawashi a ƙasar Kusada, yake kira Goggo. Mijinta ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma ita ce take wanke matan ƙauyen idan sun mutu. Sai ƙanenta Ɗalha, manomi, wanda take zaune a gidansa, da matarsa Zuhura, da 'ya'yansu biyu, wato Harisu, saurayi mai sha'awar harkar fim, da ƙanwarsa Salma. Sai Sodangi, abokin Harisu, wanda yake shirya finafinai a Kankia. Sai Malam Dawuda, limaminmu. Na ƙarshe su ne Adda, Bafulatana mai tallar nono, ƙawar Goggo, da ɗiyarta Amatullah. Ni kuwa maƙwabcin Ɗalha ne, katanga ɗaya ta raba gidajenmu.

Goggo ta fi shekara ashirin tana wannan aiki, kuma ba ta taɓa karɓar ko ƙwayar goro a kansa ba. Idan aka aiko mata, ko tuwo take tuƙawa sai ta ajiye muciya. Ta ɗumama ruwa, ta murza ganyen magarya a ciki, ta ɗauki tsumman da take naɗe hannunta da shi. Abin da ta gani a jikin mamaciya ba ya fita daga bakinta, kuma saboda wannan riƙon amana ne mata suke yarda da ita fiye da yadda suke yarda da 'yan'uwansu na jini. Tana da wata al'ada tata ita kaɗai. Kafin ta sa hannu a kan gawa, sai ta durƙusa ta yi mata sallama, ta faɗi sunanta, ta nemi izini, kamar wadda ta shiga ɗakin mai rai.

Abin ya faru ne da damina, lokacin maimai, wato noma na biyu, da hantsi, sa'ad da maza duk suna gona. Harisu ya shigo tsakar gida da gudu yana haki.

Ya ce, "Goggo, ki taimaka don Allah. Wata baƙuwa ce ta cika a motar Sodangi. Daga Kankia za su kai ta wurin mai magani, rai ya yi halinsa a bakin gari. Mun shigar da ita shagon zaure."

Goggo ta yi salati, ta ce, "Ɗiyar wa ce?"

"Ba mu san danginta ba tukuna."

"To, ashe ba ta da kowa sai mu. Zuhura, hura mini wuta."

Zuhura ta hura wutar da bakinta, ta ɗora tukunya, alhali ta san abin da aka shirya. Da ruwa ya yi ɗumi, Goggo ta ce ta zo ta riƙa zuba mata, domin ba a yin aikin da hannu biyu kawai. Zuhura ta ce, "Yi gaba, Yaya, ga ni nan tafe." Ba ta tafi ba. Ta tsaya a bayan ƙofa tana toshe bakinta da gyale.

Abin da ya faru a cikin ɗakin ban gan shi a ranar ba. Na gan shi daga baya, kamar yadda dubban mutanen da ba su san mu ba suka gan shi. Sodangi ya ɓoye waya ɗaya a tsakanin azara, ɗaya kuma a cikin wata ƙwarya da aka huda aka rataye. Suna shirya fim ne a kan wata mata da ta dawo daga kabari, kuma Sodangi ya ce fim ba ya karɓuwa yanzu sai an fara tsorata wani da gaske, an nuna wa duniya, a matsayin talla.

Goggo ta shiga, ta sakaya ƙofa, ta ajiye ruwa. Ga mutum a miƙe a kan tabarma, an lulluɓe da farin ƙyalle. Ta gyara ƙyallen a wajen ƙafafu, inda ya ɗan zame. Sa'an nan ta durƙusa a hankali, saboda gwiwoyinta, ta ce cikin murya mai taushi, "Salamu alaikum, baiwar Allah. Ni ce Hadijatu. Zan taɓa ki, ki gafarce ni. Ba ki da kowa nan, amma ba za ki wulaƙanta ba."

Sai gawar ta cafke wuyan hannunta, ta tashi zaune. An shafe fuskar da farar ƙasa, an zagaye idanun da baƙi, an cusa auduga a hanci. Ta buɗe baki ta yi wani irin gurnani.

Ba zan iya kwatanta ƙarar da Goggo ta yi ba. Ta fizge, ta yi baya, ta tuntsurar da ruwan, ta nufi ƙofa da rarrafe. Da ta miƙe za ta fita, santsi ya kwashe ta, ta faɗi da ƙugunta a kan dokin ƙofa. Ɗankwalinta ya fita, furfurarta ta bayyana. Zanenta ya jiƙe, kuma ba da ruwan magarya kaɗai ba.

Sodangi da Harisu suka faɗo ɗakin suna tafi. Gawar ta cire auduga tana ƙyalƙyala dariya, sai ga Salma.

Harisu ya ce, "Goggo, wasa ne! Dubi can sama, kyamara ce! Ɗaga musu hannu!"

Goggo ba ta dubi sama ba. Tana kwance, ta dubi Salma, ta dubi tabarmar. Can ta ce, "Ina baƙuwar?"

"Babu wata baƙuwa, Goggo."

"Babu wadda ta mutu?"

"Babu."

Ta ce, "Alhamdu lillahi." Sa'an nan ta roƙi a tashe ta. Sai da Sodangi ya gama ɗaukar fuskarta daga kusa tukuna aka kama ta.

Da Ɗalha ya dawo daga gona bayan azahar, ya same ta kwance, Zuhura tana gasa mata ƙugu. Daga gidana ina jin maganarsu. Da farko ya yi faɗa. Amma da Harisu ya nuna masa abin a waya, sai na ji muryarsa ta sauya, kamar mai danne dariya.

Ya ce, "Yaya, ki yi haƙuri, ƙuruciya ce. Kin san yaran yanzu, sana'arsu ke nan. Ai gara wannan da ya shiga shaye-shaye."

Zuhura ta ce, "Kuma ai wasan jika da kaka ne. Tsufanki ya kai ki zama kakarsu."

Goggo ta ce, "Ni goggonsa ce, ba kakarsa ba. Ciki ɗaya muka fito da ubansa. Tun yaushe aka fara wasa tsakanin ɗa da goggo? Ɗalha, abu ɗaya nake roƙo. Kada kowa ya ga kaina a buɗe."

Ɗalha ya yi mata alkawari. Amma tun kafin ya baro gona, Sodangi ya riga ya isa Kankia, ya sa abin a intanet.

Cikin kwana uku babu wayar da bai shiga ba. Masu zuwa kasuwa suka dawo suna cewa har a Kusada da Kunduru ana kallo. An ƙara masa kiɗa mai ban tsoro, an maimaita faɗuwarta sau uku, an ja hoton ya tsaya a kan zanenta, sa'an nan aka rubuta ranar fitowar fim. Maganar da take yi wa matattu a asirce, wadda ko mu maƙwabta ba mu taɓa ji ba, ta zama abin tsokana. 'Yan mata a bakin rijiya sai ɗaya ta miƙa hannu ta ce wa 'yar'uwarta, "Ni ce Hadijatu, zan taɓa ki," sai su watse da ihu.

Manya ba su yi dariya ba. Ran Juma'a bayan la'asar, Malam Dawuda ya tsayar da Ɗalha da ɗansa a ƙofar masallaci, a gaban dattawa. Ina wurin.

Liman ya ce, "Harisu, ka tsorata tsohuwa har ta ji ciwo. Da zuciyarta ta buga fa? Wanga abu, idan hakanan yake, sai mun kai shi gaba."

Harisu ya sunkuyar da kai, ya ce, "Allah gafarta Malam, ai da saninta aka yi. Shiri ne. Mun gaya mata tun da fari, ta yarda. Har faɗuwar ma koya mata aka yi, tsautsayi ne kawai ya sa ta bugu."

Liman ya juya ga uban. "Ɗalha, haka ne?"

Ɗalha ya dubi ɗansa, ya dubi ƙasa, ya ce, "Haka ne, Malam."

Liman ya girgiza kai. Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. To, wannan ya fi muni. Yaro ya yi wauta, an san yaro. Amma wadda muka damƙa wa tsiraicin iyayenmu da matanmu, ita ce za ta mai da wankan gawa wasan kwaikwayo?"

Na ji roƙon da ta yi wa ƙanenta ta bayan katanga, na kuma san mai shiri ba ta yin irin wannan roƙo. Duk da haka ban ce komai ba. Na ce a raina maganar gidan wani ce. Wannan shirun yana cikin abin da zan amsa a gaban Allah.

Goggo ba ta san abin da aka faɗa a kanta ba, sai bayan mako biyu, ranar da wata mai jego ta rasu a ƙauyen. Da ta ji kuka, ta lallaɓa ta ɗora ruwa da kanta, ta tsinko magarya, ta zauna tana jiran aike. Rana ta take, ba wanda ya zo. Sai ta ɗauki sanda, tana ɗingishi, ta tafi gidan. A ƙofar ɗaki uwar mamaciyar ta tare ta da hannu.

Ta ce, "Koma, Hadijatu. Mun aika Mawashi an ɗauko wata."

"Mi na yi, 'yar'uwa?"

"Nan ba wurin fim ba ne. Ɗiyata ba za ta shiga waya ba."

Mata sun cika tsakar gidan, da yawansu Goggo ce ta wanke iyayensu. Babu wadda ta ɗaga kai. Wata yarinya ce ta bi ta har zaure, ta gaya mata abin da ƙanenta ya shaida a ƙofar masallaci.

Da yamma ta sami Ɗalha yana gyaran fartanya a gindin darbejiya. Ita ce babba, ita ta goya shi yana jariri, amma ta durƙusa a gabansa.

Ta ce, "Ɗalha, ka ce da sanina?"

"Tashi, Yaya, kada yara su gani."

"Ba ni tashi. Ka koma wurin liman ka faɗi gaskiya. Ban ce a bugi Harisu ba, ban ce a kai shi ko'ina ba. Na yafe mashi ƙugun, na yafe mashi kan. Ka ce kawai ban sani ba."

Ɗalha ya ci gaba da buga ƙotar fartanya. Ya ce, "Idan na sake magana, na zama maƙaryaci gaban jama'a, ni da ɗana. Wa zai ba shi mata a garin nan? Harisu yanzu ya fara rayuwa. Ke kuwa, Yaya, kin yi naki, Allah ya ba ki lada. Dama ya kamata ki huta."

"Ba ni da ɗa, ba ni da gona. Wannan aikin kaɗai nake da shi da zan nuna wa Ubangijina."

"Ai Allah ya san gaskiya. Mi ya dame ki da mutane?"

"Mutane ne ke kirana, Ɗalha."

Ya ce, "Bari fim ɗin ya fito, kowa zai manta." Ya ɗauki fartanyarsa ya shige ɗaki.

Washegari ta je wurin matar liman, ta rantse mata cewa ba da saninta aka yi ba. Matar ta isar da saƙon. Amsar da ta dawo ita ce, maza biyu sun ba da shaida a gaban jama'a, ɗaya ƙanenta, ɗaya ɗan ƙanenta, kuma ba a ga dalilin da zai sa mutum ya yi wa yayarsa ƙarya ba.

Da a nan aka tsaya, da watakila ta jure. Amma Sodangi ya ce masu kallo sun ƙaunaci tsohuwar, suna tambayar yaushe za a sake. Kuma tun da gari ya riga ya yarda cewa da saninta ake yi, babu sauran wanda zai tsawatar. Wata rana ta buɗe rumbu za ta ɗebi gero, farin ƙyalle ya taso mata daga ciki. Wata rana tana ƙailula, aka sa wata ƙaramar na'ura a ƙarƙashin gadonta, ta farka tana jin ihun kanta da kanta. Wata rana Salma ta kwanta a tsakar gida kamar ta suma, Zuhura tana salati tana kiran Yaya, da Goggo ta rarrafo ta tallafi kan yarinyar, sai ta buɗe ido ta yi mata gwalo.

Duk lokacin da ta kai kuka, akwai amsa. Zuhura takan ce, "Yaya, ke ma kin cika tsoro, ai yanzu ya kamata ki saba." Harisu yakan ce, "Goggo, kin yi suna fa, har a Maraɗi an san ki." Salma takan ce ita aikin da aka sa ta take yi. Ɗalha kuwa sai ya ce bai ga jini ba, bai ga karaya ba, a bar shi ya ji da gona.

Kafin kaka, Goggo ta zama wata daban. Ba ta shiga ɗaki sai ta tsokani azara da sandarta. Takan kifar da ƙore da tukwane ta leƙa cikinsu. Idan aka shanya farar riga, sai ta kewaye ta bayan turken awaki. Ta daina cin abin da Salma ta kawo. Salla a zaune take yi, saboda ƙugun bai koma daidai ba.

Mutum ɗaya ce Goggo ba ta taɓa shakkar ta ba, ita ce Adda. Duk ranar da ta shigo da nono daga rugarsu, sai ta sauke ƙwaryarta a ƙofar Goggo, ta dama mata fura, ta zauna har ta shanye. Ran nan Harisu ya zo wucewa da waya a hannu, Adda ta kira shi.

Ta ce, "Kai, mai fim, zo nan. Ka ga hannun Goggon nan? Shi ya wanke uwar ubanka. Ni na riƙe buta. Ɗan maraƙin da na yaye jiya ya fi ka kunya."

Harisu ya yi dariya ya ce, "Adda, ke ma sai mun sa ki wata rana."

"Ka sa ni, in fasa maka kai da ludayi, ka ga fim."

Goggo ta yi murmushi a ranar. Ban ƙara jin an ce ta yi ba.

Bayan an gama yankan gero, Adda ta kwanta zazzaɓi, kwana biyar ta rasu da safe. Amatullah ta zo da kanta, ƙafa ba takalmi, ta durƙusa a ƙofar Goggo. Ta ce uwarta ta bar wasiyya, ko duk duniya ta ƙi Hadijatu, ita Hadijatu ce za ta wanke ta.

Goggo ta daɗe tana duban yarinyar. Ta dubi hannuwanta ko akwai waya, ta dubi bayanta, ta ce, "Wa ya aiko ki?"

"Inna ce, Goggo, kafin ta cika."

"Harisu bai je rugarku ba?"

"Ba wanda ya je."

Ta tashi ta haɗa kayanta. Aka ce a ɗauke ta a babur ɗin Harisu, ta ƙi. Da sanda ta taka har rugar, Amatullah tana riƙe da ita.

Abin da ya faru a bukkar, Amatullah ce ta gaya wa matata, ta kuma yarda in rubuta, domin ta ce uwarta ba za ta so a ɓoye ba. Da suka shiga, Goggo ba ta nufi gawar ba. Ta fara tsokanar ciyawar rufin da sanda. Sa'an nan ta juya ga jeren ƙoren Adda, waɗanda ta tara tun aurenta, ta riƙa sauke su ɗaya bayan ɗaya tana leƙawa, har biyu suka fashe. Matan da ke ciki suna kallo. Da ta gama, ta matso ta tsaya a kan farin ƙyallen. Ta buɗe baki za ta yi sallama, maganar ta ƙi fita.

Sai ta ce, "Adda, tashi."

Amatullah ta ce, "Goggo, Inna ta rasu."

"Tashi, na gane. Har da ke, Adda? Mi suka ba ki?"

Ta yaye ƙyallen gaba ɗaya, ita da ba ta taɓa barin ko idon sawun mamaciya ya bayyana ba. Ta kama kafaɗun gawar tana jijjigawa. Ta mintsine ta a hannu. Kafin a riƙe ta, ta ɗaga tafi ta mari fuskar ƙawarta, mari mai ƙara, har waɗanda ke waje suka ji.

A nan ne tafinta ya ji sanyin. Hannun da ya yi shekara ashirin yana taɓa matattu ba ya kasa gane wannan sanyi. Ta tsaya da hannun a kan kuncin Adda. Ta zame ta zauna a ƙasa, ta jawo ƙyallen tana ƙoƙarin rufe ta, hannun ya kasa. Ba ta yi kuka ba. Abin da take ta faɗi shi ne, "Da gaske ne. Wayyo, da gaske ne."

Matan rugar suka ɗauke ta suka fitar. Wata tsohuwa daga cikinsu ce ta yi wankan. Goggo tana zaune a bayan bukka har aka fita da makara, ba wanda ya yi mata magana, ban da Amatullah da ta kawo mata ruwa.

Kafin ta iso gida labari ya riga ta. Na zaci a ranar gidan Ɗalha za su ji kunya. Abin da na ji ta bayan katanga shi ne muryar Zuhura tana cewa, "To, kun gani. Dama mun daɗe muna lura kanta ba daidai yake ba, muna rufa mata asiri ne." Ɗalha ya faɗi haka a masallaci, jama'a suka tausaya masa, har ana yi masa addu'ar Allah ya ba shi ladan riƙon 'yar'uwa. Ya sayo kwaɗo ya sa a ƙofar ɗakinta ta waje, wai don kada ta fita ta sake kunyata su. A cikin makon nan aka haska fim ɗin a wani gidan kallo a Kankia, aka ce wuri ya cika har waje. Harisu ya dawo da sabuwar hula.

Na sami Ɗalha a gonarsa yana ɗaurin dawa, mu biyu kaɗai. Na ce masa na ji roƙon da yayarsa ta yi masa tun ranar farko.

Bai musa ba. Ya ce, "Na san ba ta sani ba. Amma ɗana ne. Kai da za ka tona naka?"

Na ce, "Ita kuma yayarka ce."

Ya ce, "Tana ci, tana sha, tana da ɗaki. Mi kuma ake so in yi?"

Na tafi wurin Malam Dawuda na gaya masa duk abin da na sani, wanda ya kamata in faɗa tun wata huɗu da suka wuce. Ya kira Ɗalha. A gabana Ɗalha ya ce bai taɓa yin wannan magana da ni ba, kuma tsufa ne ya fara taɓa ni. Liman ya ce Allah ya bayyana gaskiya, aka shafa fatiha, aka tashi.

Goggo tana nan da rai. Da hantsi, idan gidan ya yi shiru, ina jin sandarta tana tsokanar azara. An yi mutuwar mata uku a ƙauyen tun daga lokacin, duka daga Mawashi aka ɗauko mai wanka. Waɗanda suka yi mata wannan ba baƙi ba ne, ba kuma 'yan fashi ba. Wadda ta hura wutar, da wadda ta kwanta a tabarma, da wanda ya kira ta, da wanda ya ce haka ne, duk daga tukunya ɗaya suke ci da ita. Sodangi ya koma Kankia, an ce yana neman wani tsoho don fim na gaba, kuma zai samu, domin kowane gida akwai wanda ba shi da mai tsaya masa. Ku kuma da kuka kalla kuka yi dariya kuka tura wa wasu, ban ce kun san abin da ke baya ba. Yanzu kun sani. Idan abin yana nan cikin wayoyinku, kan tsohuwar nan a buɗe yake a aljihunku.

Ni ban zauna a aji ba sai da na yi furfura, saboda haka na san ba za a rasa kuskure a rubutun nan ba, ko a harafi, ko a jerin kwanaki, ko a yadda na kawo maganar wani. Duk wanda ya ga inda na kauce, ina roƙonsa ya gyara mini, Allah ya saka masa. Wuri ɗaya ne kawai ba na neman gyara, domin na ji da kunnena, kuma zan maimaita shi a ko'ina aka tsayar da ni. Hadijatu ba ta sani ba.